Yadda Ja'afaru Ya Kama Haya a Gidan Ubansa

Idan ka taɓa bi ta layin 'yan kifi a Haɗeja bayan la'asar, ka ji wani yana yi wa mutane bayanin abin da ba su tambaye shi ba, to Ja'afaru ka ji. Mai kula da sito ne a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Aikinsa buɗe ƙofa da safe, rufe ta da yamma, a tsakani ya kori ɓeraye. Amma a bakinsa shi ne manaja, shi ne injiniya, kuma da ba don shi ba da tuni masu kamfanin sun koma tallan goro.

Abu ɗaya ya mallaka wanda ba ƙarya ba ne, shi ma da sauran magana. Gidan da yake ciki na ubansu ne, marigayi Malam Auta, a kan tudu, inda ruwa bai taɓa hawa ba ko a shekarun da kogi ya fi hauka. Su biyu tsohon ya bari, shi da yayarsa Mairo. Tun da aka share makoki Mairo take cewa a raba gado, Ja'afaru yana cewa ana kan shawara. Ana kan shawarar mijinta ya rasu. Ana kan shawarar ta kama ɗaki a gangare kusa da jinga tana bandar kifi, duk damina ruwa ya shigo mata, ta kwashe tabarmi da tukwane ta koma ajin firamare da sauran waɗanda ambaliya ta kora. Shi kuwa gogan yana harɗe a zaure yana kaɗa ƙafa, yana ce wa 'yan majalisarsa, "Ni fa har yau ban gane yadda mutum yake iya barci a gidan wani ba."

Wata rana akantan kamfani, Malam Khalid, ya tara ma'aikata a rumfar shanya don ya yi musu bayanin harajin albashi. Ya ce akwai abubuwan da ake cirewa daga kuɗin shigar mutum kafin a yanka masa haraji, kamar abin da yake zubawa na fansho da na inshorar lafiya. Ya ce wanda yake zaman haya ma ana cire masa wani kaso na kuɗin hayar, in ya bayyana gaskiya ya kawo shaida.

Ja'afaru ya ɗaga hannu. "Mu masu gidan kanmu fa?"

"Wannan rangwamen na 'yan haya ne, Malam Ja'afaru."

Daga nan bai sake jin komai ba. Malam Khalid ya ci gaba da bayanin yadda ake lissafin da iyakar abin da ake cirewa, amma Ja'afaru ya riga ya miƙe, wai ya gane tun kafin a fara. Abin da ke cin sa a rai shi ne, direban kamfani, wanda ko akuya bai mallaka ba, gwamnati za ta yi masa sauƙi, shi kuma mai zaure da soro a bar shi haka.

Da yamma ya sauke maganar a rumfar Ɗan'auta mai faci, abokinsa tun na ƙuruciya, mutumin da ba shi da abincin da ya fi masa tsokanar Ja'afaru daɗi.

"Na gano inda dokar ta yi ɓaraka," in ji Ja'afaru. "Waɗanda suka rubuta ta ba su san da irina a ƙasar nan ba. Daga yau ni ɗan haya ne."

"A gidan wa?"

"A gidana."

Ɗan'auta ya ajiye tayar da yake dubawa a ruwa. "Wato kai za ka biya, kai za ka karɓa, in ka yi jinkiri kai za ka kori kanka."

"Shi ya sa kake faci ni nake ofis. Mai gida na bogi zan samu. Yaya Mairo. Ba ta karatu, ba ta musu, abin da na ce shi ne."

Matarsa Safara'u ta saurari shirin tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da ya gama. Ta ce, "Baban Kamila, matar da ka hana kasonta ita za ka ce wa duniya gidan nata ne duka?"

"A baki kawai."

"Ai kai duk abin da ya taɓa samunka ta bakin ya shigo."

Ya ce mata harkar haraji ba ta mata ba ce, ya saɓa babbar riga ya gangara wajen Mairo. Ya same ta a tsakiyar hayaƙi tana juya tarwaɗa a kan ganga, idanunta jawur. Ya tsaya nesa don kada rigarsa ta ɗauki ƙauri, ya zayyana mata komai. Za a ce gidan nata ne. Za ta dangwala yatsa a rasit duk wata. Ba abin da zai canja.

"In aka tambaye ni in ce nawa ne?" in ji Mairo.

"Da ƙarfi ma, Yaya."

"To," kawai ta ce, ta ci gaba da juya kifinta. Ja'afaru ya hau tudu yana jinjina wa kansa yadda ya iya sarrafa mutane.

Ya kai wa Malam Khalid rasit da sunan mai gida. Akanta ya dube shi ta saman tabarau, ya ce shi dai ya san gidan gado ne, kuma bayanin ƙarya a harkar haraji laifi ne, ana iya bincikawa. Ja'afaru ya ce a bincika har ƙarƙashin gado. Amma kalmar binciken nan ta biyo shi gida, kuma ya yi wautar faɗa wa Ɗan'auta.

"Ai ba da kwat suke zuwa ba," in ji Ɗan'auta, fuskarsa ba alamar dariya. "Shigar talakawa suke yi. Wani da tallan turare, wani kamar ya ɓata hanya. Sai ka saki baki ka ji ankwa a hannu."

Tun daga ranar unguwa ta shiga uku. Mai gyaran tukunya ya yi sallama, Ja'afaru ya fito ya ce masa shi ɗan haya ne. Bafulatana mai nono ta tambayi ko a kawo na nawa, ya ce ta tambayi mai gidan, shi zaman haya yake yi. Wani dattijo daga Miga ya tsaya neman hanyar tasha, sai da ya saurari tarihin yadda Ja'afaru ya kama hayar da irin kirkin mai gidan, har motar ƙauyensu ta tashi ta bar shi. Bai tsaya nan ba. Ya sayo fenti shuɗi, ya hau benci ya rubuta a goshin zaure da manyan baƙaƙe, GIDAN HAJIYA MAIRO. Mairo ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba, amma ya ce mai gidan haya dole ta zama Hajiya, in ba haka ba ba za a yarda ba. Yana saukowa bencin ya goce, sauran fentin ya ƙare a gemunsa, ya yi kwanaki yana zuwa aiki da shuɗin haɓa.

Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi, katangar bayan gidan ta zube, kamar yadda ta faru a gidaje da yawa. Bayan an ɗauke, sai ga wani saurayi baƙo da jakar goyo yana bin layi yana ɗaukar hoton bango da waya. Ɗan'auta ya hango shi, ya matso kusa da Ja'afaru ya ce a hankali, "Ga su nan."

Ja'afaru ya yi maza ya je ya tsaya a bakin zaure. Saurayin ya iso ƙofar gidan, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, gidan nan na wane ne?"

"Ba ka iya karatu ba ne? Ga shi a sama. Ni ko bulo ɗaya ba ni da shi a nan."

Saurayin ya danna wani abu a wayarsa, ya yi godiya. Aka kira la'asar, ya bi mutane masallaci. Ja'afaru ya ga baƙon ya tsaya a sahun da ke bayansa, ya tabbata bibiyar sa ake yi. Sallar nan dai Allah kaɗai ya san abin da ya karanta a cikinta. Liman yana sallamewa ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Jama'a, ina so ku shaida. Gidan da nake ciki ba nawa ba ne, na Yaya Mairo ne."

Liman, Malam Shu'ibu, tsoho ne da ya yi wa ubansu wankan gawa da hannunsa, kuma ya sha zuwa zauren Ja'afaru a kan maganar rabon gado ana sallamar sa da ruwan sanyi. Ya juyo a kan buzunsa a hankali.

"Ja'afaru, gidan nan gado ne. Kana da kaso biyu, tana da ɗaya. Yaya aka yi ya zama nata duka?"

Ja'afaru ya saci kallon baƙon. Yana nan zaune yana jan carbi.

"Na bar mata nawa, Allah gafarta Malam."

"Aro ko kyauta?"

"Kyauta."

"Don wani abu da za ta ba ka, ko don Allah?"

"Haba Malam. Don Allah da zumunci. Ni na yi kama da mai kyauta don a ba shi wani abu?"

Masallaci ya ɗauki kabbara. Wani tsoho a gefe ya fara share hawaye da bakin rawani, yana cewa ashe ɗan Malam Auta ya haifu. Aka yi ta miƙo wa Ja'afaru hannu. Da mai hankali ne, a nan zai ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa. Amma Ja'afaru tun da aka haife shi ba a taɓa yabon sa a gaban jama'a ba sai in shi ya yabi kansa, sai daɗin ya hau masa ka. Ya ƙara da cewa ya daɗe yana son yin haka, kunya ce ta hana shi.

Liman ya ce, "Madalla. Sai dai kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya shiga abinsa. A kira ta."

"A kira ta," in ji Ja'afaru, har da biyan kuɗin adaidaita.

Mairo ta iso da mayafinta mai ƙaurin banda, ta tsaya a ƙofar masallaci. Ja'afaru ya zaro mukullin zaure, ya ɗaga shi sama yadda baƙon zai gani da kyau, ya danƙa mata. Ya sunkuya ya raɗa mata, "Ki shiga ki ɗan zauna, in mutane sun watse ki fito."

Liman ya ce, "Mairo, kin karɓa?"

"Na karɓa, Malam," ta faɗa da ƙarfi, yadda aka umarce ta.

Ta shiga. Mutane suka watse. Ba ta fito ba.

Da Ja'afaru ya leƙa, ya same ta a ɗakin ubansu, wanda ya mayar wurin ajiye tsofaffin tayoyin babur, tana shara. Safara'u tana riƙe mata kwandon.

"Yaya, ai an watse."

"Na gani."

"Magariba ta kusa, hanyar gangare ba kyau."

"Shi ya sa ba zan bi ta ba."

Ya ce wa kansa ƙwarewa ce, Yaya ta shiga wasan sosai saboda ɗan leƙen asiri. Washegari da hantsi amalanke ya tsaya a ƙofar gida da gangunan banda da ragar waya da itace. Kafin azahar hayaƙi ya cika tsakar gida, ya bi ta taga ya shiga akwatin rigunansa. Kafin la'asar an kwashe tabarmar majalisa daga zaure an jera kwandunan tarwaɗa da karfasa, mata masu sari suna ciniki a daidai inda Ja'afaru yake zama yana warware matsalolin duniya. Ranar Juma'a kuma Liman ya kawo shi misali a wa'azi, ya ce masu danne gadon 'yan'uwa mata su je su koyi tsoron Allah wurin Ja'afaru. Ja'afaru yana sahun gaba yana gyaɗa kai, gumi yana bin bayansa.

Abin da ya fasa ƙwan mota ce. Ta tsaya a ƙofar gida da siminti da kwanon rufi, saurayin nan mai jakar goyo ya diro daga gaba. Ashe ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne da ke taimaka wa masu gidajen da ruwa ya yi wa ɓarna. Haraji kuwa ko nasa bai san yadda ake lissafawa ba.

Ja'afaru ya fito da gudu ba hula. "A sauke a nan, ni ne mai gidan."

"Baba, ai kai ka ce ko bulo ɗaya ba ka da shi. Na Hajiya Mairo ne."

"Wace Hajiya? Ni na ba ta Hajiyar da fentina."

Ya rungume buhun siminti, 'yan dako suka ja, ya ja, buhun ya yage a kansa. Mutumin da bai daɗe da rabuwa da shuɗin gemu ba ya koma fari fat tun daga ka har ƙafa. A haka, yara suna bin sa, ya nufi ƙofar mai unguwa yana cewa yau sai an ba shi gidansa.

Kafin a shimfiɗa tabarma rabin unguwa ta hallara. Aka kira Liman, aka kira Mairo. Ɗan'auta ya rufe rumfarsa da rana tsaka, abin da ko ranar sunan ɗansa bai yi ba, ya biya ta kamfani ya ɗauko Malam Khalid a babur, wai kada a yi shari'a ba masani.

"Ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru, siminti yana zuba daga girarsa, "maganar nan duk wasa ce. Dabara ce ta haraji. Gidana nawa ne."

Liman ya ce, "A cikin masallaci ka yi wasan? Na tambaye ka don wa, ka ce don Allah. Abin da aka ba don Allah, aka karɓa, aka shiga, ban san ƙofar da ake bi a dawo da shi ba."

"To ai ba da gaske nake haya ba."

Malam Khalid ya gyara tabarau. "In haka ne, bayanin da ka ba ni na tura ƙarya ne ke nan. Sai in koma in sanar, su kuma su yi abin da doka ta ce."

"A'a, haya kam ina yi."

"A gidan wa?" in ji mai unguwa.

Ja'afaru ya dubi Liman, ya dubi akanta, ya dubi jama'ar da suka yi masa kabbara kwanan baya. In ya ce gidansa ne, ya yi wa hukuma ƙarya kuma ya yi wa Allah ƙarya a ɗakinsa. In ya ce na Mairo ne, ya gama magana. Can ya matsa kusa da Malam Khalid, ya tambaye shi ƙasa-ƙasa, wai shin nawa ne ma aka rage masa, don ya san abin da yake karewa.

Akanta ya faɗa masa a kunne. Ja'afaru ya maimaita adadin da ƙarfi don firgita, ya ƙara da, "A rana?"

"A wata. Ai ba hayar ake mayar maka ba. Wani kaso nata ake cirewa daga abin da za a yi wa lissafi. Na yi bayani, ka tashi ka fita."

Mairo ta ce, "Kuɗin tarwaɗa guda ne. Matsakaiciya."

Dariyar da aka yi a ƙofar mai unguwa ranar har masu kamun kifi a bakin kogi sun ce sun ji ta. Ɗan'auta sai da aka riƙe shi. Mai unguwa da kansa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya sake tambaya, gidan na wane ne.

"Na Yaya ne," in ji Ja'afaru, da wata 'yar murya da ba wanda ya san yana da ita.

Mai unguwa ya juya ga Mairo, ya ce ko tana da magana. Ta gyara mayafi. Ta ce shekara da shekaru tana kwana da kunne ɗaya a buɗe tana sauraron ruwa, ɗakin da aka haife ta yana kan tudu cike da tayoyi. Ta ce ita ba ta roƙi kason kowa ba, nata ta nema aka hana ta, yanzu kuma an kira ta gaban masallaci an ba ta duka, ba ta da dalilin ƙi. Safara'u da yara su zauna a ɗakunansu, ba ta karɓar ko sisi a hannun matar ƙanenta. Amma Ja'afaru, tun da ya shaida wa hukuma da mai nono da mutumin Miga cewa shi ɗan haya ne, ba za ta bari ƙanenta ya zama maƙaryaci ba. Zai biya duk wata, daidai abin da ya sa a rasit da hannunsa, ita kuma za ta dangwala masa yatsa ya kai a rage masa haraji.

Sai a lokacin Ja'afaru ya tuna cewa, don rangwamen ya yi kauri, hayar da ya rubuta ta fi ta gidan bene.

An gyara katanga da simintin Hajiya. Rubutun goshin zaure yana nan, har Mairo ta sa an sake bin sa da sabon fenti. Da kogi ya cika a ƙarshen daminar, ruwa ya shanye tsohon ɗakinta na gangare har taga, ita kuwa tana ɗakin ubanta tana barci da kunnuwa biyu a rufe.

Majalisa ta koma rumfar faci. Ja'afaru yana zuwa kullum da rigunansa masu ƙaurin banda, magunan unguwa suna biye da shi har bakin benci. Kada ka ɗauka ya yi laushi. Ran nan ma, hadari yana haɗuwa ta gabas, yana cewa a nuna masa mutum ɗaya a layin da gwamnati ta rage wa haraji in ba shi ba.

"Babu," in ji Ɗan'auta. "To yaya barci a gidan wani?"

"Ai ya fi daɗi. Ɗan haya ba ruwansa. Rufi ya yi yoyo, matsalar mai gida ce."

Daga cikin zaure muryar Mairo ta fito, ba ta ko ɗaga ta sosai ba. "Ja'afaru, zo ka hau ka danne kwanon nan kafin ruwa ya sauko."

Ya miƙe ya naɗe hannun riga. Magunan suka tashi suka bi shi.